Titin Abuja zuwa Kano da jirgin Rigasa: wa za a riƙe idan aiki ya tsaya?

Ɗan_Rigasa: Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. A Disambar 2017 aka ba da kwangilar titin Abuja, Kaduna, Zariya zuwa Kano, kilomita 375, a kan kusan naira biliyan 155. A 2021 kuɗin ya koma biliyan 797. A ƙarshen 2024 aka soke ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun Julius Berger aka ba wani kamfani. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna kuma, wanda shi ne mafitar jama'a, ya sauka daga layi a Asham a watan Agustan 2025. Kowa na cewa "gwamnati ta gaza". To gwamnati ba mutum ɗaya ba ce. Mutumin Jere ko na Tafa da ƙura ta cika masa shago, ofishin wa zai je, kuma da wace takarda?

Injiniya_Kwalta: Wa alaikumus salam. Fara da raba masu hannu a ciki, don a nan ake ɓatar da mutane. Mai aikin ita ce Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Wakilinta a ƙasa shi ne Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke kowace jiha, sai injiniyan da aka ɗora a kan aikin, wanda shi ke sa hannu cewa an yi kaza an auna kaza kafin a biya. Majalisar Zartarwa ita ke amincewa da babbar kwangila irin wannan da babban ƙarin kuɗi. BPP, hukumar sa ido kan ba da kwangilolin gwamnati, ita ke ba da takardar cewa ba ta da ja a kan farashi. Kuɗin wannan titi kuwa, a zamanin Buhari, ta PIDF, asusun shugaban ƙasa na manyan ayyukan more rayuwa, ya riƙa fitowa, wanda hukumar zuba jarin ƙasa, NSIA, ke riƙe da shi. FERMA, hukumar kula da titunan tarayya, aikinta faci da gyaran titin da ba ya hannun ɗan kwangila. Muddin an miƙa wa kamfani wuri, kula da hanyar wucin gadi, alamomi da yayyafa ruwa don kashe ƙura duk suna wuyansa, kuma galibi an sa musu kuɗi a cikin takardar ƙididdigar aiki. Mai shago a Tafa Kwanturola zai rubuta wa, ya ba injiniyan aikin kwafi.

Maman_Hanifa: Tafa ɗin ma ta wace jiha? Titin ya taɓa Abuja, ya taɓa Neja, ya shiga Kaduna. Kwanturola uku ke nan kafin a kai Kakau. Kowa zai ce ba nasa ba ne.

Injiniya_Kwalta: Gaskiyarki Hajiya. Shi ya sa a takarda ba a cewa "kusa da masallaci" kawai. A duba lambar kilomita da ake rubutawa da fenti a jikin kwalbati ko turakun gefen titi, irin 62+400, wato kilomita 62 da mita 400 daga mafarin aikin. Da wannan lamba babu mai cewa bai gane wurin ba.

SaiDaHujja: Ni inda nake so a tsaya shi ne tsallen nan daga 155 zuwa 797. Ninki biyar. A ce mana me?

Ƙididdiga_ZRX: Bayanin da ma'aikata ta bayar a lokacin da Fashola ke ministan ayyuka shi ne an sauya aikin daga gyara zuwa sake gini gaba ɗaya. Kuma akwai bambanci na gaske: gyara shi ne a kankare kwaltar sama a sake shimfiɗawa, sake gini kuwa sai an tone har ƙasa. Amma wannan amsar ita kanta tuhuma ce. Titin da aka gina tun wajejen ƙarshen shekarun 1980, tireloli suna bin sa dare da rana, ai kafin a ba da kwangila ya kamata a haƙa ramukan gwaji a ga halin da ƙasan ke ciki. Idan sai bayan an sa hannu aka gano gyara ba zai yi ba, to an ba da aiki kafin a gama zane. Kuma ƙarin da ya kai haka ba a sake buɗe shi ga gasar 'yan kwangila ba, ciniki ne tsakanin ma'aikata da wanda ke wurin. Takardun da za a nema su ne: ƙididdigar aiki ta farko, ta biyu, takardar BPP, da jerin takardun biya na wucin gadi. Ka jera su huɗun nan, za ka ga farashin kowace mita ta kwalta da ta tsakuwa, da abin da aka biya a kan abin da aka yi.

Direban_Daf: Ku kuna maganar takarda, mu muna maganar wanwe. Duk inda aka rufe hannu ɗaya aka tara motoci a ɗaya, nan ake mutuwa. Babu fitila, babu alama mai ƙyalli, sai ka ga bulon kankare a gabanka da daddare.

Injiniya_Kwalta: Malam Direba, abin da ka faɗa shi ne ya fi komai sauƙin kamawa, domin ido na gani. Karkatar da hanya tana da ƙa'ida. Alamar gargaɗi tun daga nesa, a maimaita ta sau biyu ko uku kafin wurin. A matse hanya a hankali da mazugai, ba a datse ta kai-tsaye ba. A raba masu tafiya da masu dawowa da shinge ko aƙalla turaku masu ƙyalli. Mai tuta da rana, fitila da dare. Sannan hannun da aka tara wa motoci dole a riƙa cike ramukansa, tunda nauyin hannu biyu yake ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe wuri mai tsawo a tone, kuɗi ya yanke, a bar shi damina ta same shi. Gara a kama kilomita 5 a gama a buɗe, da a tone 30 a tafi.

Barista_Nana: Bari in amsa ɓangaren "da wace takarda" na Ɗan_Rigasa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa dama, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Ka rubuta wa Babban Sakataren ma'aikatar, ka ambaci dokar, ka lissafa takardun da kake so da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka rubuta "ina son bayani game da titi", za su ba ka jawabin manema labarai. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Suna da kwana 7. Suna iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai. Idan sun yi shiru, doka ta ɗauka sun hana, kuma kana da kwana 30 ka je kotu. A nan mutane ke faɗuwa: a zauna ana jiran amsa wata uku, lokacin shigar da ƙara ya wuce. Hani ba bisa ƙa'ida ba yana da tarar naira 500,000. A 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi, don haka gadojin sama da titunan cikin gari ma sun shigo.

SaiDaHujja: Tarar dubu 500 a kan kwangilar biliyan 797. Allah ya kyauta.

Barista_Nana: Ba tarar ce ke tsorata su ba, umarnin kotu ne na a fito da takarda. Kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfi a nan: ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi mai rajista, da lauya ɗaya.

Tsohon_Reluwe: Ku ba ni dama in shigo da jirgi, don tun farko an ambace shi aka wuce. Layin Idu da ke Abuja zuwa Rigasa da ke Kaduna kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, aka buɗe a Yulin 2016. Faɗinsa milimita 1,435, ba irin tsohon layin Legas zuwa Kano mai 1,067 ba. Layi ɗaya ne tal, jirage na kauce wa juna a tashoshi. Ma'ana duk abin da ya faru a wuri ɗaya ya rufe hanyar baki ɗaya.

Abin da mutane ba su gani shi ne layin dogo kullum cikin motsi yake. Tsakuwar da ke ƙarƙashi tana zaunawa, sai an zo da injin da ke ɗaga layin ya cusa ta ya daidaita. Ƙarafan da ke ɗaure dogo da kankaren ƙasa suna sassautawa, ɓarayi kuma na kwance su. Idan aka rasa su a jere a kan kankare da yawa, faɗin layin ya buɗe, ƙafar jirgi ta faɗa ciki. Wuri mafi haɗari shi ne mahaɗa, inda ake sauya wa jirgi layi: harshen ƙarfen dole ya manne tsaf ya kulle, in ya bar 'yar tazara ƙafar gaba ta bi nan ta baya ta bi can. Saboda haka tambayoyin da za a yi wa NRC, hukumar jiragen ƙasa, ba "me ya sa jirgi ya faɗi" ba ne kawai. A tambayi rajistar masu sintirin layi a ƙafa, ranar ƙarshe da aka auna layin da na'ura, wuraren da aka sa dokar rage gudu da tun yaushe, da yawan kawunan jirgi da ke aiki cikin waɗanda aka sayo.

Ɗan_Rigasa: Baba, to wa ke binciken hatsarin? NRC ɗin ce za ta binciki kanta?

Tsohon_Reluwe: A da haka ne. Tun dokar 2022 akwai NSIB, wadda ta gaji hukumar binciken hatsarin jiragen sama, aka ƙara mata jirgin ƙasa da na ruwa. Ita ta shiga maganar Asham. Sai dai ka sani, rahotonta na gano sanadi ne da ba da shawara, ba na hukunta kowa ba. Aikin jama'a da 'yan jarida shi ne su ɗauki shawarwarin ɗaya-ɗaya, bayan wata shida su tambayi NRC da Ma'aikatar Sufuri wanne aka aiwatar.

Maman_Hanifa: Ni tikiti ne damuwata. An kawo sayarwa ta intanet a farkon 2021 don a kashe 'yan bumburutu, amma har yanzu ƙorafin da ake yi shi ne a buɗe manhaja a tarar kujeru sun ƙare cikin mintuna.

Kwamfuta_Kawo: Wannan abu ne da lissafi ke warwarewa in ana so. Kowace tafiya tana da lambobi uku: kujerun da ke cikin taragan da aka haɗa, tikitin da manhaja ta sayar, da tikitin da aka duba a ƙofa. Na huɗu shi ne kuɗin da ya shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati. In an wallafa su kowane wata, duk inda ɓaraka take za ta fito. Sannan tikiti na ɗauke da suna da lambar shaida. Idan ana duba suna da katin mai shiga da gaske, mai saye don ya sayar ba shi da kasuwa. Inda aka daina dubawa, nan kasuwar take.

Gaskiya_Ɗaci: Ku yi haƙuri, amma duk wannan wasa ne idan aka tuna 28 ga Maris 2022. An dasa bam a layi, an kashe mutane, an kwashe fasinjoji, na ƙarshensu sai Oktoba suka fito, jirgi bai dawo ba sai 5 ga Disamba. Kuma tun Oktoban 2021 an taɓa fasa layin a yankin Rijana. Amaechi, ministan sufuri na lokacin, ya fito ya ce ya nemi kuɗin na'urorin sa ido aka ƙi amincewa. Wa aka sauke? Wa ya ajiye aiki?

Ƙididdiga_ZRX: Ɗaya ɓangaren labarin shi ne Majalisar Zartarwa ta nuna shakku a kan ƙwarewar kamfanin da aka kawo don samar da na'urorin. To ka ga kowa na da abin faɗa: minista ya ce na nema, majalisa ta ce ba a kawo shi daidai ba. Tambayar da ta rage ita ce, tsakanin Oktoba da Maris, wa ya yanke shawarar jirgin yamma ya ci gaba da tafiya ba tare da an samar da madadin waɗannan na'urori ba? Irin wannan Majalisar Dokoki ke da ikon tonowa ƙarƙashin sashe na 88 da 89 na Kundin Tsarin Mulki, har da sammacin takardu.

Direban_Daf: A dawo titi don Allah. Yanzu an ce kankare za a yi maimakon kwalta. Ya fi ko bai fi ba?

Injiniya_Kwalta: Umahi, wanda ya zama ministan ayyuka a 2023, kankare yake so, kuma yana da hujja: siminti a gida ake yi, baƙin man kwalta kuwa shigo da shi ake da dala, kuma kankare ba ya lotsawa a inda manyan motoci ke tsayawa cikin zafi. Amma ba ya yafe kuskure. Kaurinsa wajen santimita 20 ne da rodi a ciki, a kan tsakuwa da aka daddanne. Dole a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, a gwada samfurinsa a kwana 7 da kwana 28, kuma kada a saki tirela a kai kafin ya kai ƙarfinsa. In an zuba shi da tsakar rana a watan Afrilu ba a rufe ba, zai tsattsage tun kafin a buɗe. Gyaransa kuma sai an yanka an fasa, ba faci ba ne na yini ɗaya.

Kwalta ma ba ita ce matsalar ba in an bi ƙa'ida. Marmara a zuba ta santimita 15-15 ana dannewa da rola ana gwadawa, sai tsakuwa, sai kwaltar ƙasa wajen santimita 6, ta sama wajen 4, a shimfiɗa da zafinta. Titi ya ɗan karkata gefe don ruwa ya gangara, lambatu ya kai ruwan wani wuri. Ana iya huda titi da injin a ciro ɗan gunduwa a auna kaurin da ma'auni. Duk kwamitin majalisa da ya zo duba aiki bai nemi sakamakon wannan ba, yawon buɗe ido ya zo.

Sikeli_11: Injiniya ya bar babban abu: lodi. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ce a kan aksul ɗaya mai jan mota, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Ɓarnar da nauyi ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyin, ninkawa take sau huɗu a kanta. Aksul mai tan 20 yana cin titi kamar sau 9 na mai 11.5. Titin da aka zana wa shekara 20 sai ya mutu a ƙasa da rabi. Ba sikeli mai aiki a hanya, ba a auna mota a inda ake lodi, to kankare ko kwalta duk ɗaya.

Direban_Daf: Direba ba shi ke lodi ba, mai kaya ne. A kama daga masana'anta da tashar ruwa.

Sikeli_11: Na yarda. Kuma a nan jirgin ya shigo. Siminti, taki, mai da hatsi kayan dogo ne. An ƙaddamar da layin Kaduna zuwa Kano a Yulin 2021, kilomita 203, da na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, wanda Mota-Engil ke yi a kan kusan dala biliyan 1.96, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Amma muddin ba a haɗa Ibadan da Abuja da sabon layi ba, kayan Apapa a kan taya za su ci gaba da zuwa.

Ɗan_Katsina_Maraɗi: Mu nan tambayarmu diyya ce. Layi ya ratsa gona ya raba ta biyu, rabi can rabi nan, mashigar dabbobi kuma sai an yi zagaye mai nisa.

Barista_Nana: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 28, ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ko da aikin na tarayya ne. Sashe na 29 ya ce diyya a kan abin da ke bisa ƙasar ne: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Saboda haka ranar ƙidaya ita ce komai. Mai gona ya tsaya da kansa, a ƙirga kowace bishiya da nau'inta da girmanta, mangwaro mai 'ya'ya ba ɗaya yake da dashe ba. Ya ɗauki hoto da lambar da aka rubuta a wurin, ya karɓi kwafin takardar ƙidaya, kada ya sa hannu a fom da ba a cike ba. Jama'a na iya ɗaukar nasu mai kimanta kadara, amma su karanta kason da zai cire kafin su ba shi wakilci. Maganar mashiga kuwa tun a rahoton tasirin muhalli ake kama ta, wanda doka ta ce a baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su yi ƙorafi. In an wuce nan, sai takarda ta hannun hakimi da shugaban ƙaramar hukuma zuwa Ma'aikatar Sufuri, kafin a gama cikon ƙasa. Bayan an shimfiɗa dogo, huda kwalbati ya zama sabon aiki.

Maman_Hanifa: Masu shaguna a bakin titi fa?

Injiniya_Kwalta: Titin tarayya yana da haraba mita 45.72 kowane gefe daga tsakiya. Wanda ya yi gini a ciki bayan an shata, hujjarsa ta yi rauni. Amma toshe masa mashiga da tulin ƙasa, ko sako masa ruwan lambatu cikin gida, wannan laifin aiki ne, kuma yana cikin abin da za a rubuta wa Kwanturola da lambar kilomita.

SaiDaHujja: Har yanzu ba a yi bayanin soke kwangilar da aka yi a 2024 ba. Ma'aikata ta ce kamfani ya ƙi farashi ya bar wuri, kamfani na kukan tsadar kaya da faɗuwar naira. Wa ke da gaskiya?

Ƙididdiga_ZRX: Takarda ɗaya ce za ta raba gardamar: lissafin ƙarshe da ake yi idan an soke kwangila. A auna aikin da aka yi tare, a cire kuɗin kafin alƙalami da ba a gama cirewa ba, a ga wa ke bin wa. A kuma duba ranakun da aka gabatar da takardun biya da ranakun da aka biya, domin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo kuɗin ruwa. In gwamnati ce ke jinkiri, ta nan za a gani. In kamfani ne ya karɓa bai yi ba, nan ma. Sai kuma ɓangaren Kaduna zuwa Kano da aka buɗe a Mayun 2023: a tambayi yaushe wa'adin gyaran lahani ya ƙare, wa ya sa hannu a takardar karɓa, kuma wa ke da shi yanzu.

Gaskiya_Ɗaci: Tun 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma na iya yin layin dogo. Ku jira ku ga an ƙara wasu ofisoshin da za su riƙa tura mu wajen juna.

Ɗan_Rigasa: Barista, in an rubuta takardar neman bayanan nan, guda ɗaya za a yi ko a raba?

Barista_Nana: A raba. Ta titi zuwa Ma'aikatar Ayyuka, kwafi ga BPP da NSIA. Ta jirgi zuwa NRC, kwafi ga Ma'aikatar Sufuri. Kowace kada ta wuce buƙatu biyar ko shida, don kada a fake da yawa a nemi ƙarin lokaci. Injiniya da Baba Tsohon_Reluwe su turo sunayen takardun yadda ake kiransu a ofis, ni zan tsara.

Direban_Daf: A sa maganar fitila da alamomin wanwe a ta farko.